Ƙwayar Bayan La'asar

Ranar Asabar ɗin da 'Yar Fari ta je duba jikin Umma, ranar maganar aurenta da Auta ta mutu. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya. Ruwa kawai ta nema ta sha magani.

Auta shi ne ƙaramin ɗan Umma. Sana'arsa yanka gilashin tabarau a ɗakin baya na wani shago da ke bakin titi, inda yake wuni da injin da ke fesa masa ruwa a hannu. 'Yar Fari kuwa a maɗaba'a take aiki. Ita ke tsara wa mutane katin gayyatar aure a kwamfuta, tana gyara musu kurakuran rubutu. Manya sun riga sun zauna, an amince, an tsayar da wata. Har nasu katin ta tsara ta ajiye, tana buɗewa ta kalla idan maigidanta na wurin aiki ya fita.

An sallamo Umma daga asibiti bayan aikin da aka yi mata a gwiwa, shi ne 'Yar Fari ta zo da ledar lemo da ayaba. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Umma sai kallonta take tana murmushi.

"Auta, wai ina ka samo wannan fuska? Sumul kamar an wanke faranti."

"Umma, ni ma ban san abin da ta gani a jikina ba."

"Ba ta gani da kyau ne. Shi ya sa ta faɗa hannun mai tabarau."

Aka yi dariya. 'Yar Fari ta rufe fuska da gefen mayafi.

Bayan la'asar kaɗan wayarta ta yi ɗan ƙara a cikin jaka. Ta kashe, ta ce, "Umma, bari in ɗebi ruwa." Ta shiga kicin.

A kicin ɗin Gwaggo Nas na tsaye tana ɗauraye kofi.

Gwaggo Nas yayar marigayi mahaifin Auta ce. Ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin ungozoma a asibiti. Rabin matan unguwar a hannunta suka haihu, sauran kuma a hannunta aka haife su. Tun da ƙanenta ya rasu ba a yanke magana a gidan sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza shi. Mace ce da ba ta taɓa yin kuskure ba, domin ba a taɓa samun mai ƙarfin halin gaya mata ba.

'Yar Fari ta gaishe ta, ta ciro katin magani daga jaka, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta haɗiye. Ba ta ɓoye ba. Ba ta ga abin ɓoyewa ba.

Gwaggo ta dubi katin. Ƙananan ƙwayoyi a jere, da 'yan kibiyoyi masu nuna inda za a bi, layin ƙarshe launinsa daban.

"Ba ki da lafiya ne, 'yata?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Kullum nake sha."

"Kullum," in ji Gwaggo. Ta kife kofin a hankali. "To, Allah ya ƙara sauƙi."

Sai da Auta ya raka baƙuwarsa ta hau mota ya dawo yana fito, sannan ya ji muryar Gwaggo daga ɗakin Umma.

"Kai, zo ka rufe ƙofa."

* * *

Umma na kwance, ƙafarta a kan matashi, ido ya yi ja. Gwaggo na zaune a miƙe, hannu a kan cinya.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Gwaggo, "kuma ka ji tsoron Allah. Ka taɓa kusantar yarinyar nan?"

Auta ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Gwaggo! Wallahi ko hannunta..."

"To, shi ke nan. In ba kai ba ne, wani ne."

"Wani me?"

"Ƙwayar hana ɗaukar ciki take sha. Da idona na gani."

"Wataƙila wani maganin ne mai kama da shi."

Gwaggo ta yi wata gajeriyar dariya. "Ni za ka koya wa? Tun kana tsumma nake miƙa wa matan aure wannan katin ta taga. Ko a duhu aka sa min shi a hannu zan gane. Budurwa da ba ta taɓa aure ba, me ya haɗa ta da shi? Har da sa wa waya ƙararrawa don kada ta manta. Wannan ba sabon shiga ba ne."

Umma ta fashe da kuka. "Yarinya mai kunya haka. Ko ido ba ta iya haɗawa da ni."

"Ai su ne," in ji Gwaggo.

Auta ya tsaya a jikin ƙofa. Yana da baki, yana da ilimi daidai gwargwado, ya san yarinyar fiye da duk wanda ke ɗakin. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Zan tambaye ta."

* * *

Ranar Litinin ya same ta a maɗaba'a lokacin hutun rana. Wurin na warin tawada da gam. Ta ja shi bayan tarin takardu, inda ƙarar injin bugu ba ta kai sosai.

"Mai Tabarau, yau kuma wa ya mutu? Dubi fuskarka."

Ya gaya mata. Bai iya tausasa maganar ba, sai ya zubo ta yadda aka ba shi.

Ta zauna a kan wani kwali.

"Eh, shi ne," ta ce. "Ƙwayar hana ɗaukar ciki ce. Likitar fata ce ta ɗora ni a kai."

"Likitar fata?"

"Ƙuraje. Ba ka san ni a da ba, shi ya sa." Ta shafa haɓarta da bayan yatsa. "Nan duka, har wuya. Ba irin 'yan ƙananan nan na yara ba. Manya, masu zurfi, masu zafi, ko kwanciya ba na iya yi ta gefe ɗaya. Duk wata in al'adata ta kusa sai su taso kamar an kira su. Ba sabulun da ban saya ba. Ba man da ban shafa ba. Wata ta ce in daina cin gyaɗa, na daina. Wata ta ce in shafa man goge baki, na shafa, fuskata ta ƙone. A mota mutane su kalle ni su ba ni shawara, kamar na ce musu ban da madubi."

Hawaye ya fara zubo mata, ba ta share ba.

"Da na je wurin likitar, ta ce ba ƙazanta ba ce, ba abinci ba ne. Daga cikin jiki ne. Akwai wani sinadari da jikina ke motsawa da shi fiye da kima, shi ke sa fata tana yawan fitar da maiƙo. Ƙwayar nan tana kwantar da shi. Ta auna jinina, ta tambaye ni ko ina ciwon kai mai tsanani, ko akwai mai daskarewar jini a danginmu, sannan ta rubuta. Ta ce in yi haƙuri, sai an yi watanni kafin a ga canji, kuma kada in riƙa tsallake rana. Abba ya sani. Shi ya raka ni."

Auta ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Da ya tsaya a nan da ya tsira. Amma muryar Gwaggo na zaune a kunnensa, sai bakinsa ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba.

"To, amma don ƙurajen ne kaɗai, ko?"

Ta ɗago ta dube shi. Ya daɗe yana gyara wa mutane tabarau a fuska, ya san ido kala-kala, amma bai taɓa ganin ido ya rufe alhali yana buɗe ba sai ranar.

"Kai ma?" ta ce.

"A'a, ba haka nake nufi ba."

"To, me kake nufi?"

"Ina so in san abin da zan gaya musu ne."

"Ka gaya musu abin da ka yarda da shi." Ta miƙe tana karkaɗe siket. "Ka san ko hoto ɗaya ban bari ba na wancan lokacin? Duk na goge. Na gode wa Allah da ba ka gan ni a haka ba. Da ba ka ko tsaya ba."

Maganar ta zo masa har leɓe. Ya gan ta. Ya gan ta a haka, tun kafin ta san akwai shi a duniya. Amma ya dubi yadda take riƙe da gefen mayafinta, ya tuna ta ce ta gode wa Allah, sai ya ga in ya faɗa kamar ya yaye mata zane ne a kasuwa. Ya ce a ransa, wata rana, bayan aure, muna dariya.

Injin bugu ya tashi da ƙara. Maigidanta ya ƙwala mata kira.

* * *

"Ƙuraje," in ji Gwaggo Nas, kamar mai ɗanɗana miya. "Ƙuraje. Kai, yaran yanzu sun iya tsara magana."

"Likita ce ta rubuta mata, Gwaggo. Mu je ki ji daga bakinta."

"Ni? In je in zauna a benci in jira wata yarinya da wataƙila ni na yanke mata cibi ta koya min aikin ƙwayar da na raba kafin a haife ta? A duk shekarun da na yi a asibiti ban taɓa ba wa kowa ita don fuska ba."

Gaskiya ta faɗa. A ɗakin haihuwa ta yi aiki, ba a ɗakin masu ciwon fata ba, kuma duk macen da ta zo tagarta abu ɗaya ne ya kawo ta. Amma ba wanda ya ce mata haka.

"Mahaifinta ma ya sani," in ji Auta.

"Uba ne. Me kake so ya ce?"

Umma ce ta kawo abin da ta ɗauka sulhu ne. Ta kama hannun Auta tana kuka. "Ɗana, ni ban ƙi ta ba. Wallahi ina son yarinyar nan. Amma ka ga dangin mahaifinka duk sun ji. In dai don fuska ne, ai fuskar ta warke. Ta daina sha mana. In ta daina, bakin kowa ya mutu. Ko ba haka ba, Yaya?"

Gwaggo ta ɗaga kafaɗa. "In tana da gaskiya, me zai hana ta dainawa?"

Auta ya san ba daidai ba ne. Ya sani sarai. Amma Umma na kwance da ɗinki a gwiwa, hawan jininta ya tashi tun ranar Asabar, kuma shi mutum ne da aka raina a kan cewa to. Ya ɗauki saƙon ya kai, yana jin kunyar ƙafafunsa.

'Yar Fari ta saurare shi a ƙofar gidansu har ya gama.

"Likitar ta ce in na daina za su iya dawowa," ta ce. "Wataƙila ma fiye da da."

"Na ɗan lokaci ne. Da an ɗaura aure ki koma. Lokacin ba mai magana."

"Wato in na zama matarka ƙwayar ta zama halal, yanzu kuma shaida ce a kaina."

Ta dube shi cikin ido.

"Kana so in daina?"

"Ina so mu yi aure."

"Ba ita na tambaye ka ba." Ta buɗe jaka, ta ciro katin, ta sa masa a tafin hannu. Saura rabi. "Ka kai wa Gwaggo. Ka ce na gaishe ta."

* * *

Watan farko ba abin da ya faru, har Umma ta fara zancen labule da kujeru. A wata na biyu fuskar ta fara sheƙi da maiƙo. Sannan suka fito, ɗaya a haɓa, biyu a muƙamuƙi, sai kuma suka daina ƙirguwa.

'Yar Fari ta koma sa takunkumin fuska a wurin aiki, tana cewa ƙurar takarda ce. Ta daina ɗaga kai in suna hira. In ya zo sai ta zauna ta gefen da haske bai kai ba. Ta rage cin abinci, ta rame, idonta ya faɗa. Al'adarta ma ta rikice, abin da likitar ta ce yana iya faruwa bayan dainawa.

Shi kuwa Auta bai ga abin da ya ragu a jikinta ba. Amma duk lokacin da ya ce, "Kin yi kyau," sai ta ce, "Don Allah ka bari," da muryar wanda aka taka wa ciwo. Sai ya bari.

A layin da take sayen maganin akwai wani Mai Kemis, mutum mai tumbi da fara'a, wanda ya taɓa neman ta ta ce masa a'a cikin ladabi. Shi ke karɓar takardar likita ya ba ta ƙwayar, don haka ya san komai tun farko. Da ya ga ta daina zuwa, ya kuma ji abin da unguwa ke faɗa, sai ya fara zuwa gaishe da Abbanta. Ba ya zancen aure. Yana kawo wa tsohon maganin ciwon baya ne kawai, yana cewa, "Allah ya sawwaƙe, Baba, jahilci ciwo ne." Mutum ne mai haƙuri. Ya san ba sai ya yi komai ba, dangin Auta na yi masa aikin.

Wata ranar Juma'a Umma ta matsa a kawo mata 'Yar Fari ta gan ta. Ta zo. Don girmamawa ta cire takunkumin.

Gwaggo Nas na nan. Ta dube ta tun daga goshi har ƙafa, irin kallon da take yi wa mata a layin awo.

"Kin rame, 'yata. Ba kya cin abinci?"

"Ba na jin daɗinsa ne, Gwaggo."

"Uhm. Wannan watan kin ga al'adarki?"

'Yar Fari ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai. "Ta ɗan yi jinkiri."

Gwaggo ta juya ta kalli Umma. Sai ta buɗe tafukan hannunta biyu.

Bayan yarinyar ta tafi ta ce, "Ƙuraje, maiƙon fuska, ƙin abinci, ɓatan wata. Na ga fuskar mai ƙaramin ciki fiye da yadda ka ga gilashi. Ta daina shan ƙwaya, amma ba ta daina abin da ya sa take sha ba."

"Gwaggo, ku kuka ce ta daina!" Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ɗaga mata murya. "Ta gaya min za su dawo. Tun kafin ta daina ta faɗa!"

"Ai dole ta faɗa. Tana da wayo."

"Tana sha kun ce shaida ce. Ta daina kun ce shaida ce. To, me za ta yi?"

"Gwaji," in ji Gwaggo. "A gabana."

Umma ta dafe ƙirji ta fara haki. Auta ya ruga neman maganinta. Kafin ya gama da ita, Gwaggo ta yafa mayafi ta fita.

* * *

Ya iske Gwaggo tana fitowa daga gidan su 'Yar Fari, fuskarta a ɗaure. Ba ta ko dube shi ba.

Abba na tsaye a ƙofa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, siriri, mai magana a hankali. A fuskarsa akwai tabarau mai baƙin firam, wanda Auta ya san kowane lungu nasa.

"Baba, don Allah..."

"Tsaya nan, ɗana. Kada ka shigo." Ya dafa ƙofar. "Ni na kai yarinyar nan asibiti da ƙafata. Ni na zauna na ji bayanin likita. Shekarun da ta yi tana kuka a ɗaki, ni nake jin ta ta bango. Da ta warke ta fara dariya, na ce Allah na gode. Kuka zo kuka ce ta daina magani, na hana, ta ce Abba ka bari, ina son shi. Na bari. Yau kuma an zo har ɗakina da kwalba a jaka, wai 'yata ta yi fitsari a gwada."

"Ban san za ta zo ba, wallahi."

"Na yarda. Ba ka san za ta zo ba, ba ka iya hana ta ba, gobe ma ba za ka iya ba. In an gwada yau aka ga ba komai, jibi wani abin za a nema. Ni ba zan kai 'yata gidan da za ta riƙa rantsuwa kafin ta sha ruwa ba."

"Baba, bari in gan ta. Magana ɗaya ce."

"Ka yi maganganu da yawa, ɗana. Je ka kula da mahaifiyarka."

Ya rufe ƙofar a hankali, ba da ƙarfi ba. Da ya buga ta da ƙarfi da ya fi sauƙi.

Auta ya kira wayarta har ya gaji. Ya je maɗaba'a, aka ce ta ɗauki hutu. Ya roƙi Umma ta je ta ba da haƙuri, ta ce ba za ta iya tsallake Yaya ba, sannan ta yi kuka har sai da shi ya koma ba ta haƙuri. Da watanni suka wuce, cikin da Gwaggo ta gani bai fito ba, sai ta ce, "An zubar." A nan ya gane ba ranar da gaskiya za ta iso gidansu.

* * *

'Yar Fari ce ta zo da kanta, wata safiya, shagon cike da mutane. Maigidansa ya leƙo ɗakin baya ya ce ana neman shi.

Tana tsaye a gaban kantar shagon da takunkumi. A saman takunkumin, kusa da kunne, ana ganin jajayen tabo. Ta ajiye tabarau mai baƙin firam a kan gilashin kantar.

"Na Abba ne. Hannun ya saki. Ya ce a kai wani wuri, na ce ba wanda ya san shi kamar nan."

"'Yar Fari..."

"Malam, don Allah ka gyara kawai."

Malam. Ya ɗauko ɗan ƙaramin sukundireba, noti ya faɗi ya gangara. Ya ɗauko wani.

"Na ji an ce Mai Kemis za ki aura," ya ce, bai ɗago ba.

"Eh."

"Kina son shi?"

"Bai tambaye ni komai ba. Bai ce in rantse ba. Ya ce in koma wurin likita, na koma, na ci gaba da shan maganina." Ta gyara takunkumin. "Abba ya tsufa. Ya gaji da kallon da ake masa a layi. Ni ma na gaji."

"Ba ki amsa ba."

"Kai ma ba ka amsa tawa ba, ranar." Muryarta ta karye. "Ka san abin dariya? Maigidana na maɗaba'a ya ce in tsara katin da kaina, kyauta. Na buɗe namu. Komai na nan, furannin, launin da ka zaɓa. Suna ɗaya kawai na goge na rubuta wani. Ko minti ban yi ba."

Wata mata a bayanta ta ce, "Malam, mu ma muna jira fa."

Auta ya ɗaure notin. Ya goge gilashin da ƙyalle, ya sake gogewa, ya kuma sake.

"Ban riƙe ka a zuciya ba," ta ce a hankali. "Na yi tunani sosai. Ba laifinka ba ne. Fuskar da ka gani ka so, ta aro ce, ƙwaya ce ta yi ta. Ta gaskiyar ita ce wannan. Da ka fara ganin wannan, da duk ba a yi wahalar nan ba. Ka ga ashe an rage maka asara."

"Ba haka ba ne. Ki saurare ni, akwai abin da ban taɓa..."

"A'a." Ta ɗaga hannu. Hawaye na jiƙa bakin takunkumin. "Don girman Allah kada ka faɗa. Duk abin da za ka ce yanzu tausayi ne, kuma na ƙoshi da tausayi. Ka bar ni in fita da ƙafata."

A waje aka danna hon, sau ɗaya, cikin ladabi. Mai Kemis ne a motarsa, gilashi a sauke, yana murmushi.

Ta ɗauki tabarau ɗin daga hannunsa, ta kula kada yatsunsu su haɗu. Ta fita. Matar da ke jira ta matso ta ajiye nata tana cewa yana matse mata hanci.

Ya gyara mata. Ya gyara na mutum biyu bayanta. Sannan ya koma ɗakin baya ya kunna inji.

Daga inda yake zama akwai 'yar taga da ake hango kantar shagon ta cikinta, amma na waje ba ya ganin na ciki. Ta nan ya fara ganin ta, tun kafin likita, tun kafin ƙwaya. Ta rako Abbanta yin wannan tabarau ɗin mai baƙin firam. Fuskarta a kumbure take da ƙuraje har wuya, ta ja mayafi ta rufe rabi. Tsohon ya gwada wani firam mai faɗi ya juyo yana tambayarta, sai dariya ta ƙwace mata, ta manta da mayafin ya zame, ta ce, "Abba, ka zama mujiya." Auta ya lalata gilashin da ke hannunsa ranar. Da ya haɗa tabarau ɗin, da gangan ya bar notin hannun a sake, don ya saki ta dawo. Tsohon ne ya dawo shi kaɗai, sau biyu. Da ta sake shigowa shagon bayan lokaci mai tsawo da fuska sumul, ba fuskar ya gane ba. Dariyar ya gane.

Ruwan injin na zuba a kan yatsunsa. Ya riƙe gilashin wani baƙo a jikin dutsen injin, ya faɗa a hankali, yadda ko maigidansa ba zai ji ba.

"Na gan ki a haka. A haka na fara son ki."